Tambaya da Amsa: Kwikwiyon da muka ɗauko ya yi aman tsutsa, cikinsa kuma a kumbure

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ni mazaunin Daura ne, ina da 'yan tumaki a bayan gida. Ɓarayi sun dame mu a bara, shi ya sa na karɓo ɗan kwikwiyo daga wata ruga ta wajen Mai'adua don ya girma ya riƙa gadi. Mai shi ya ce satinsa shida. Tun da ya zo cikinsa a kumbure yake, amma haƙarƙarinsa a waje, yana zawo, jiya kuma ya amayo wasu fararen tsutsotsi dogaye kamar taliya. Muna ba shi madara da sauran tuwo. Wani maƙwabcina ya ce in ɓantari ƙwayar maganin tsutsa ta shanu in ba shi, wani ya ce in daka masa tafarnuwa. Yarana ƙanana sun shaƙu da shi ƙwarai, uwarsu kuwa hankalinta ya tashi. Me zan yi?

Amsa:

Wa'alaikumus salam Malam. Ka kyauta da ka tambaya kafin ka ba shi komai, domin shawarwarin nan biyu da aka ba ka kowace tana iya yi masa illa fiye da tsutsar. Abin da ka gani ya amayo macijin ciki ne na karnuka, wanda likitoci ke kira Toxocara canis. Yana da magani, maganin ba shi da tsada, kuma yawancin kwikwiyoyi suna miƙewa cikin mako biyu zuwa uku idan aka bi ƙa'ida.

Amma kafin maganar magani, ka je ka duba shi yanzu. Ɗaga leɓensa na sama ka kalli dasashinsa. Na lafiyayyen kwikwiyo jaja-jaja ne, da ɗan danshi. Idan ka ga ya yi fari fat, jininsa ya yi ƙasa. Sannan ka tsunkuli fatar bayan wuyansa ka ɗaga ka saki: in ta koma nan take, da sauran ruwa a jikinsa, in ta tsaya a tattare, zawon ya tsotse shi. Ka duba kashinsa kuma. Idan akwai jini tsagwaronsa da wani irin mugun ƙarni, yana amai ba ƙaƙƙautawa, ya ƙi cin komai, ya kwanta lagwas, to kada ka ɗora laifin kan tsutsa kaɗai. Waɗannan alamomin cutar parvo ne, wadda ke kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki, kuma ƙarin ruwa ta jijiya take buƙata. Ɗaya daga cikin waɗannan alamomi ta isa ka ɗauke shi zuwa asibitin dabbobi yau, ba gobe ba. In kuwa yana ci, yana wasa, dasashinsa da ja, sai mu ci gaba.

Ba a gidanka ya kwaso tsutsar ba, kuma ba madarar da kuke ba shi ce ta haifar da ita ba, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Da ita aka haife shi. 'Ya'yan tsutsar suna kwanciya a cikin tsokar karya tsawon shekaru ba tare da ta nuna wata alama ba. Cikin karya kwana 63 ne ko kusa da haka. Da ya kai wajen kwana 42 sai su farka, su bi ta mabiyiya su shiga hantar 'ya'yan da ke cikinta. Bayan haihuwa su ratsa huhu, kwikwiyon ya yi tarinsu ya haɗiye, su zauna a hanji su girma. Macen tana kai santimita 18 a tsawo. Kwikwiyo ɗan mako uku ya riga ya fara zubar da ƙwansu a kashi. Saboda haka duk kwikwiyon da ba a ba uwarsa magani ba, mu a wajenmu mai tsutsa ne ko da ba a ga komai ba.

Wadda ta fi ba ni tsoro a kwikwiyo irin naka ba wadda ka gani ba ce. Akwai wata 'yar ƙarama mai suna Ancylostoma, tsawonta bai wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba, da wuya ka gan ta a kashi. Ita ta nono take bi, ko ta huda fata daga ƙasa mai laima. Tana kafa haƙoranta a bangon hanji tana shan jini, in ta saki wuri ta koma wani, ramin da ta bari ya ci gaba da tsiyaya. Babban kare zai jure, amma kwikwiyo mai kilo biyu duk jinin jikinsa bai kai rabin kwalbar lemo ba. Alamarta ita ce farin dasashi da baƙin kashi mai danƙo. Da damina ta fi yawa. Shi ya sa nake son maganin da za ka saya ya kasance mai kashe su duka biyun. Piperazine, wanda ake yawan sayarwa, macijin ciki kaɗai yake fitarwa, ya bar mai shan jinin.

Magunguna biyu nake ba mutane shawara ga ƙaramin kwikwiyo irin wannan: pyrantel ko fenbendazole. Dukansu bisa nauyi ake bayarwa, don haka sai ka auna shi. Sa shi a cikin jaka ka rataya a sikelin hannu, ko ka hau sikeli da shi a hannunka, ka sake hawa kai kaɗai, ka cire. Pyrantel ana ba da miligiram 5 a kowane kilo, sau ɗaya. Idan na ruwa ne mai miligiram 50 a kowane mil (wato mililita, ml), kwikwiyo mai kilo 2 zai sha mil 0.2 kacal. Fenbendazole kuwa miligiram 50 ne a kowane kilo, sau ɗaya a rana, kwana uku a jere. Idan mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 ne, mai kilo 2 zai sha mil 1 kullum. Ka karanta ƙarfin da ke jikin kwalba, domin kamfanoni suna bambanta, ko ka nuna wa malamin dabbobi ya auna maka na farko. Ka yi amfani da ƙaramin sirinji ba tare da allura ba, ka zura ta gefen baki, ka matsa a hankali don kada ya shaƙe. Kuma ka duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC. Maganin da ya yini a rana kan tabarmar kasuwa ba abin dogaro ba ne.

Yanzu ga maganar maƙwabcinka. Ƙwayar nan ta shanu galibi albendazole ce, an yi ta ne don dabba mai ɗaruruwan kilo. Ba yadda za ka ɓantara da farce ka dace da ƙimar kwikwiyo, kuma a karnuka an san tana iya taɓa ɓargo ta hana shi yin jini, ga dabbar da jininta dama ya yi ƙasa. Allurar ivermectin ta shanu ta fi wannan haɗari. A kowane mil nata akwai miligiram 10. Mutum ya zuƙi rabin mil yana ganin ɗan kaɗan ne, alhali ya ninka abin da kwikwiyo mai kilo 2 zai ɗauka fiye da sau goma. Muna ganin sakamakon: dalalar yawu, karkarwa, tangaɗi, makanta, wani lokaci ya sume bai farfaɗo ba. Tafarnuwa da albasa kuma suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ba su kashe tsutsa. Paracetamol da ibuprofen na mutane ma ka nisantar da su daga gare shi.

Bayan ya sha maganin, za ka iya ganin tsutsotsi a kashinsa na kwana ɗaya ko biyu, wasu ma suna motsi. Kada wannan ya firgita ku. Sai dai idan cikin ya ƙara ɗaurewa tamau, yana kuka, yana amai ba ya kashi, to tarinsu na iya toshe hanji, a kai shi asibiti.

A nan ne yawancin mutane ke yin asara. Sun ba da magani sau ɗaya, sun ga tsutsa ta fito, sun ce an gama. Maganin yana kashe waɗanda suka iso hanji ne kawai. 'Ya'yan da ke kan hanya, a hanta da huhu, ba ya kai musu. Bayan mako biyu sun iso sun maye gurbin waɗanda suka mutu. Ƙa'idar ita ce a fara tun kwikwiyo yana da mako 2, a maimaita a mako na 4, na 6, da na 8, sannan duk wata har ya cika wata shida, daga nan duk wata uku har ƙarshen rayuwarsa. Tunda naka bai taɓa sha ba, ka ba shi yanzu, ka maimaita duk mako biyu har ya cika wata uku, sai ka koma na wata-wata. Rubuta ranakun a kalanda ko ka sa ƙararrawa a waya, domin da zarar ya murmure za a manta.

Damuwar maiɗakinka tana kan hanya, ina so ka gaya mata haka, amma ba sai an rabu da kwikwiyon ba. Ga yadda abin yake. Macen tsutsar nan tana iya zuba ƙwai har 200,000 a rana. Ƙwan da ke cikin sabon kashi bai isa ya kama kowa ba tukuna. Sai ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya nuna. In ya nuna kuwa, yana da kauri da danƙo, yana iya shekaru a ƙasar tsakar gida. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, ko mai cin ƙasa, shi ke haɗiye shi. A jikin mutum tsutsar ba ta girma a hanji, sai ta yi ta yawo: ta shiga hanta ko huhu ta kawo zazzaɓi da tari, jefi-jefi kuma ta shiga ido ta lalata ganin ido ɗaya. Mai shan jinin ita ma 'ya'yanta suna huda tafin ƙafa ko ɗuwawun yaron da ya zauna a ƙasa mai laima, su bar wani jan layi mai lanƙwasa da ƙaiƙayi da ke ci gaba a ƙarƙashin fata.

Makonnin nan kafin ƙwan ya nuna su ne damarka. Wanda ke kwashe kashin kare kullum ya tare cutar tun ba ta zama cuta ba. A kwashe da shebur safe da yamma, a zuba a masai ko a binne da zurfi, ban da bola kuma ban da takin da za a kai lambu. A ware masa wurin kwana nesa da inda yara ke wasa, an fi son mai daɓen siminti inda rana ke bugawa. Ruwan bilic ba ya kashe wannan ƙwan, tafasasshen ruwa ne ke kashe shi, sai a riƙa kwarara shi a daɓen bayan an share. Yara su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa shi da kuma kafin cin abinci, a yanke musu farce, su sa takalmi, kada ya lashi fuskarsu. Kwanonsa daban, kada ya haɗu da na gida. Ni dai a ganina, wanda ya ajiye kare don gadin dabbobi, abin da addini ya ba da dama, ya ɗauki amanar cinsa da lafiyarsa, kuma tsabtar da malamanmu ke koyarwa game da kwanon da kare ya sa baki ta yi daidai da abin da likitanci ke nema.

Batun abinci: ka dakatar da madarar. Bayan yaye, cikin kwikwiyo ba ya narkar da sukarin da ke madarar shanu sosai, tana ƙara masa zawo. Tuwo kaɗai kuma ba zai mayar masa da jini ba. Ka ba shi dafaffiyar shinkafa ko tuwo mai laushi haɗe da dafaffen ƙwai, kifi da aka cire wa ƙaya, ko nama, da 'yar dafaffiyar hanta sau biyu a mako, ba yaji ba albasa. Kaɗan-kaɗan, sau huɗu a rana. Ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa kullum, ka san zafin Daura. In zawon ya yi yawa, ruwan gishiri da sukari na leda da ake ba yara yana taimakawa.

Na ce dafaffe ne da gangan, musamman tunda kana da tumaki. Ɗanyen huhu da hanta da kan dabba da ake jefa wa karnuka a kwata ko ranar Babbar Sallah su ne hanyar tsila. Wannan ƙululun mai ruwa da mahauci ke yankewa daga huhu ko hanta ya yar, idan kare ya ci, tsilar Echinococcus ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita a kashi ya zuba a ciyawa, tumakinka su ci, mutum ma ya iya kamuwa ta yi masa ƙululu a hanta wanda sau da yawa sai an yi tiyata. Wata tsilar kuma daga kare take zuwa ƙwaƙwalwar tunkiya ta sa ta yi ta juyawa wuri ɗaya. Akwai kuma wadda ƙuma ke kawowa: za ka ga wasu farare masu girman ƙwayar shinkafa suna motsi a bakin duburarsa. Pyrantel ba ya taɓa tsila ko kaɗan. Maganinta praziquantel ne, miligiram 5 a kowane kilo, kuma in ba a kashe ƙumar ba za ta dawo. Kada ka wanke shi da maganin feshin shanu ko na gona. Ka tambayi wanda ya dace da shekarunsa. Ka riƙa duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa don kaska, ita ma tana kawo cutar da ke shanye jini.

Idan ka ba shi magani sau biyu zawon bai tsaya ba, musamman mai majina, ka ɗebi sabon kashinsa a 'yar roba mai murfi ka kai asibitin dabbobi na gwamnati a Daura ko Katsina a duba a madubin likita. Akwai ƙananan ƙwayoyi, koksidiya da jiyadiya, waɗanda ido ba ya gani kuma pyrantel ba ya kashewa. Kowace da nata maganin.

In ka je asibitin, ka nemi a fara masa allurar rigakafin parvo da distempa (wata muguwar cutar karnuka) da zarar ya ɗan murmure. Ana farawa tsakanin mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako uku zuwa huɗu har ya kai mako 16, kuma kafin a gama kada ya yi cuɗanya da karnukan unguwa. Ta haukan kare ana yin ta idan ya cika wata uku, a sabunta duk shekara. Ka karɓi katin ka adana. In kana da hanyar aika saƙo rugar da ka karɓo shi, ka gaya musu su ba uwar da sauran 'yan'uwansa magani, domin abin da ke cikinsa yana cikinsu.