Me ya sa Bahaushe ya fi riƙe rediyo a kan jarida?

Malam tambayarka ita ce, tunda jarida ta riga rediyo zuwa, me ya sa mutanenmu suka fi jin rediyo. Toh gaskiya jarida ce ta fara, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito tun 1939 a Zariya, Abubakar Imam ne editanta, kuma lokacin yaƙin duniya na biyu ta yi aiki sosai, mutum ɗaya mai boko zai zauna a ƙofar gida yana karantawa da ƙarfi jama'a sun kewaye shi suna jin labarin Hitila. Amma ka ga matsalar nan, masu iya karatun boko kaɗan ne a lokacin, ga ƙauyuka da nisa kafin jarida ta isa labari ya kwana.

Da rediyo ta zo sai ta rushe wannan katangar. BBC Hausa ta fara a 1957, Rediyon Kaduna 1962, Muryar Jamus 1963, Muryar Amurka 1979, ga ƴar ƙaramar rediyo mai batir ta yi arha, manomi ya rataya ta a gona, mai shayi ya kunna wa kwastomominsa, matan da ke cikin gida ma suna jin duniya ba sai sun fita ba, wannan ni a wurina shi ne babban tasirinta wallahi.

Bayan dokar 1992 da ta ba ƴan kasuwa damar buɗe tashoshi kuma sai irin su Freedom Radio suka zo Kano a 2003, talaka ya samu bakin kai kukansa gwamnati na ji. Yanzu ma da waya ta shigo, da yawa muryar suke saurare a WhatsApp, ba rubutu ba.