Me Ya Hana Layin Logaridim Taɓa Layin Tsaye?

Tambaya: Malam, ina shirin jarrabawar bakaloriya. Idan na zana y = log x, layin yana gangarowa dab da layin tsaye amma ba ya taɓa shi. Me ya sa? Daga wata ɗaliba a Garwa.

Amsa: 'Yata, log x, wato logaridim, shi ne lambar da ke nuna sau nawa za a ninka 1 da 10 (ko a raba shi, idan lambar tana ƙasa da sifiri) kafin a samu x. Fara da x = 1, inda log yake 0. Raba shi da 10, kin samu 0.1, log ya sauka zuwa -1. Sake rabawa, 0.01, ya koma -2. Ko kwana za ki yi kina rabawa, x ba zai kai sifiri ba, alhali a kan layin tsaye x sifiri ne, shi ya sa layin ke ta nutsewa ba tare da ya taɓa shi ba. Ta dama kuwa hawan hawainiya yake yi: daga 1,000 zuwa 1,000,000, log daga 3 zuwa 6 kawai ya tashi. Layin ln, wani nau'in logaridim, ma haka siffarsa take, shi ma ta (1, 0), wato inda x = 1 kuma y = 0, yake ratsawa.