Ƙullutun wuya mai fitowa in yaro na kuka

'Yar uwa mai tambaya kan ɗanki ɗan shekara 1 da wani ƙullutu ke tasowa a ramin wuyanshi in yana kuka, in ya yi shiru kuma ya koma, wallahi kamar labarin yarona kike badawa.

Nawa yana wata 14 munka lura, daidai saman ƙashin ƙirji, ga laushi, ba ciwo ba zazzaɓi, yana wasanshi. Kakarshi ta ce maƙoƙo ne, maƙwabciya ta ce kaluluwa, har anka fara zancen wanzami ya zo ya yi sakiya, Allah ya taimake mu babanshi ya ce ba mai taɓa yaron sai likita ya gani. Munka je asibitin koyarwa na nan Sakkwato, likitan yara ya tura mu sikanin, irin dai na masu ciki, ba yanka ba allura, har mai hoton ya ce in bar shi ya yi kukan don abin ya fito da kyau.

Ashe taimus ne. Wani nama ne a bayan ƙashin ƙirji inda ƙwayoyin garkuwar jiki ke ƙosawa, babba ne ga jarirai, bayan balaga sai ya dinga motsewa. Tun yaro na ciki daga wuya yake farawa ya gangara ƙirji, shi ya sa wani yaron guntu ke maƙale mai a gefen wuya, wani kuma irin nawa kuka ko yunƙuri ke turo shi sama. A hoton yana da ɗigo-ɗigo farare, da su anka gane shi. Likitan ya ce ba a gaggawar cirewa, don wani yaron shi kenan taimus ɗin da yake da shi. Ko magani ba a ba mu ba, komawa kawai muke ana dubawa, yanzu da wuya ma in gan shi.

Amma don Allah kar ki ɗauki nawa ki auna naki, kaluluwar tibi ma a wuya take fitowa. In ƙullutun ya yi tauri, ko yana ƙara girma, ko ga rama da zufan dare, ko kina jin ƙara in yana numfashi, ko haɗiya na mai wuya, ranar nan za ki kai shi. Kuma ki ɗauki bidiyo da wayarki yana cikin kuka, nawa muna shiga wajen likita ya yi tsit kamar ba shi ba, bidiyon ne ya fisshe ni.