Tambaya da Amsa: XSLT ɗina ya ƙi haɗa sunaye, sai kiran kansa yake ba tsayawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan an wuni lafiya. Ni ne sakataren ƙungiyar manoma a wani ƙauye ta wajen Ringim, muna ɗaukar bayanan mambobi da manhajar ODK a waya sai ya fito a XML (tsarin ajiye bayanai a rubuce), shine nake koyon XSLT, yaren da ake sauya fasalin XML da shi, don in mai da shi takarda mu buga mu liƙa a ofis. Abu biyu ne suka hana ni sakat. Ina son sunaye su jeru a layi ɗaya da waƙafi a tsakani, na yi xsl:variable (ma'ajiyar ƙima) can sama, cikin for-each mai bin mambobi ɗaya bayan ɗaya ina ta concat mai haɗa rubutu ina ƙara masa suna amma a ƙarshe wayam. Sannan amfanin gona yana zuwa haka "gero dawa wake riɗi", na rubuta tamfilet (guntun umarnin XSLT) mai kiran kansa ya rarraba su sai xsltproc, manhajar da ke gudanar da XSLT ɗin, ya tsaya wai kira yayi yawa. Dan Allah a taimaka, cajin laftof ɗin ma biya nake a shago.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, sannu da ƙoƙari. Ta farkon nan kusan duk wanda ya fara rubuta manhaja da Python ko PHP sai ta kama shi. Kai ka ɗauki xsl:variable kamar buhu ne kana zuba masa kwano kwano har ya cika, to a XSLT ba haka bane, da zarar ka ba shi ƙima an ɗinke bakin buhun kenan, ba ƙari ba ragi. Wanda kake rubutawa cikin for-each sabo ne daban mai suna iri ɗaya, zagayen na ƙarewa shi ma ya tafi, na saman kuwa yana nan fanko yadda ka bar shi.

Ka bar tarawa kawai. Cikin for-each ka fitar da sunan da value-of, sai xsl:if mai test="position() != last()" ka sa waƙafi da sarari cikin xsl:text, kaga na ƙarshe ba zai ja waƙafi a wutsiya ba. In dole sai ka ajiye jerin, ɗauki for-each ɗin gaba ɗaya ka saka shi cikin xsl:variable. Kuma kar ka ce bari in miƙa wa concat duka sunayen lokaci guda, a XSLT 1.0 na farko kaɗai zai ɗauka yayi shiru da sauran, ko gargaɗi babu, wannan halin nasa wallahi yana ban haushi.

Ta biyun kuma, ban ga abin da ka rubuta ba amma na san inda gizo ke saƙar. Bi shi a hankali: substring-before mai ɗauko abin da ke kafin sarari ta ciro gero, substring-after mai ɗauko abin da ke bayansa ta miƙa "dawa wake riɗi", haka haka har ya rage riɗi shi kaɗai. Nan fa babu sarari, duk su biyun sai su dawo da fanko, riɗin ya ɓace, tamfilet kuma yaci gaba da kiran kansa da hannu wofi har xsltproc ya kai iyakarsa ta kira 3000 ya taka birki. Wani zai ce maka ƙara --maxdepth wato ka ɗaga waccan iyakar, kar ka saurare shi, ko nawa ka sa sai ya cinye. Ka sa xsl:choose, in contains ta ga sarari a yanka a sake kira, in babu a buga abin da ya rage a tsaya nan. Ka fara wanke rubutun da normalize-space saboda sarari biyu a jere ko na ƙarshen layi.

Duk wannan zagaye zagayen don xsltproc a XSLT 1.0 ta 1999 ya tsaya ne. XSLT 2.0 da ta fito a 2007 layi ɗaya ta gama maka, string-join(tokenize(., ' '), ', ') shikenan. Saxon-HE, wata manhaja irin xsltproc da Michael Kay ya ƙirƙira, kyauta ne yana kuma gane ta, sai dai yana son manhajar Java kafin ya yi aiki, to ranar da ka shiga Ringim ka samu netwok mai ƙarfi ka sauke su biyun. Kafin nan ka gwada gyaran da mambobi uku kacal, ɗaya a ciki mai noman gero kaɗai, shi ne zai tona maka ko birkin ya kama.