Ku Tambayi Mai Garka: Wai furen malam-buɗe-littafi zai yi a Damagaram?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba mai garka, da fatan kana lafiya ya zafi. Yayana ne da ke Faransa ya turo min hoton wata ƴar bishiya mai fure ruwan hoda da shuɗi-shuɗi, sunanta Buddleja, malam-buɗe-littafi sun rufe ta kaf, ya ce in ina so zai aiko min da iri. Wai da gaske ne cikin shekara guda take fin mutum tsawo? Kuma zata yi a tsakar gidanmu nan Birni, ga shi pampo sai ya ga dama yake kawo ruwa? Daga wata mai karatu, unguwar Birni, Zinder.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƴata, zafi kam sai godiya. Yayanki bai yi miki ƙarya ba. Wannan shuka asalinta daga tsakiyar ƙasar Sin take, cikakken sunanta Buddleja davidii, an sa mata sunan wani fada Bafaranshe Armand David da ya yi aiki can, kuma a Turai in aka sare ta ƙarshen sanyi kafin shekara ta zagayo sai ta tashi mita 1 da rabi har 2, in an bar ta kuwa tana kai mita 3 ko fiye. A Ingila ma har ta zame musu ciyawa, jikin bango da gefen layin dogo take tsirowa ba mai ba ta ko ɗigon ruwa.

To amma can fa ƙasar sanyi ce. Mu nan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ruwan saman shekara duka bai fi wajen milimita 400 ba shi ma daga Yuni zuwa Satumba ne, sai hunturu ya zo ya busar da komai, don haka kada ki sa rai zata yi miki irin na hoton nan, gaskiya ke nan. Ban hana ki gwadawa ba amma ki gwada ƙwaya ɗaya tak, a babbar tukunya ko rabin tano da aka huda gindinsa sosai, don ita ba abin da ta tsana kamar ruwa ya kwanta mata a saiwa, nan take take ruɓewa. Ki haɗa yashi da taki wanda ya riga ya mutu, kar ki sa ɗanyen kashin awaki, gara zai jawo miki kuma ya ƙone saiwar. Ki dasa farkon damina, ki aje inda hantsi ke samunta amma azahar ta tarar da ita a inuwar katanga. Ban ruwa kuma ki tura yatsa cikin ƙasar tukun, in da danshi ki ƙyale ta, lokacin bazara ne zata nemi ruwa kusan kullum da yamma, nan ne sai ki yi lissafin bidon nawa kike saye a rana kafin ki ce ma yaya ya aiko.

Abin da mutane ke jin tsoro shi ne sara, alhali furenta a sabon reshe yake fita, ki rage ta zuwa kamar santimita 30 ko 50 kafin ta fara sabon toho, furen da ya bushe kuma ki riƙa tsinke shi don wani ya fito. In kika ga ganye ya yi fari-fari ga wata ƴar yana a ƙarƙashi, ƙananan ƙwari ne masu son bushewa, ki wanke bayan ganyen da ruwa.

Ni dai in malam-buɗe-littafin ne kike marmari a gidanki, ina roƙonki ki dubi namu na gida tukun. Tumfafiyar nan da muke rainawa a bakin hanya, a ganyenta wani mai ruwan lemo da ɗigon fari yake saka ƙwai, tsutsarsa ita take ci, sai dai ki nisantar da yara daga nononta don yana ɓata ido. Lantana ma, wata ƴar bishiya mai ƙananan furanni kala-kala, tana jan su sosai kuma ta san rana, illa in kina da awaki ko tumaki ki killace ta don guba ce gare su. Ki leƙa wajen masu sai da dashe ki tambaya, in yaya ya matsa sai ya aiko da irin nasa ki sa su gefe guda.