Gidan tarihin da iska ke juya kayansa

Tambaya: Malam, na ji an ce a Amurka akwai gidan tarihi da aka keɓe wa wani tsoho mai ƙera fankoki da tsofaffin ƙarafa. Wane ne shi, kuma yaya ake adana abin da rana da ruwan sama ke duka kullum?

Amsa: Ɗan'uwa, sunansa Vollis Simpson, mutumin ƙauyen Lucama a jihar Karolina ta Arewa. An haife shi a 1919, ya rasu a 2013 yana da shekara 94. Bakanike ne mai gyaran injina, kuma yana sana'ar ɗaga gidaje daga wuri zuwa wuri. Tun yana soja a tsibirin Saipan lokacin yaƙin duniya na biyu ya tsinci ɓaraguzan jirgin yaƙi ya haɗa farfelar da iska ke kaɗawa, ita kuma tana juya injin wanki. Da ya manyanta sai ya koma wa wannan fasaha a gonarsa, da ƙafafun keke da fukafukan fanka da na'urar walda.

Wasu ƙere-ƙeren nasa sun kai tsawon ƙafa 50. Iska na tasowa sai ka ga mutum biyu na ƙarfe suna jan zarto, wannan ya ja wancan ya ja, alfadarai na jan amalanke, farfeloli birjik suna juyawa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya yayyanka tsofaffin allunan hanya masu ƙyalli ya manna, ta yadda fitilar mota na haska su da dare sai fili ya ɗauki walƙiya.

A 2017 aka buɗe dandalin da ke ɗauke da guda 30 daga cikin ƙere-ƙerensa a tsakiyar garin Wilson da ke kusa da Lucama, akwai kuma ɗan ƙaramin gidan tarihi kusa da shi.

Batun adanawa kuwa, nan gizo ke saƙar. Mu masu aikin gidan tarihi an koya mana mu killace abu, kada hannu ya taɓa. To amma wannan don ya juya aka yi shi, in ka ɗaure shi ka raba shi da ransa. Shi ya sa aka sauke su daga gonar ɗaya bayan ɗaya, aka kwance, aka ɗauki hoton kowane sashe, aka kankare tsatsa, aka sake fenti daidai da launin da ya zaɓa. In boris, wato ƙarfen da ke sauƙaƙa juyawa, ya ci, a sa sabo. Wasu na ganin hakan na rage asali. Ni dai ina bayan masu gyaran, muddin ana rubuta duk abin da aka canza. Shi kansa Simpson, har tsufa ya cim masa, hawa yake yi yana zuba musu giris.