Ku Tambayi Goggo: Sallah a ƙasar mutane da kuɗin gato

Tambaya

Salamu alaikum Goggo, ina wuni, ya jama'ar gida. Ni ɗan Garwa ne amma neman abinci ya kai ni Librebil ta Gabon, ina tsaron shagon wani Alhaji a kasuwar Mont-Bouët. Goggo wallahi babbar sallar da ta wuce ban ji daɗinta ba ko kaɗan, daga idi ɗaki na dawo na kwanta ina ta kallon hotunan 'yan gida a WhatsApp, dawakai a ƙofar fadar Lamiɗo, ƙannena sun sha kwalliya, Inna tana suyar ragon da ni na tura kuɗinsa amma ko tsoka ɗaya ban gani ba. Ina da abokai a nan, 'yan Marwa da 'yan Nijar da wani ɗan Bamenda kirista mutumin kirki sosai, to amma su inda suka fi kauri shi ne anibaser, wato bikin ranar haihuwa, kusan duk wata sai an ce ranar haihuwar wane ce a kawo jaka goma-goma a sayi gato, wato kek, a je gidan cin abinci. In na ƙi a ce ni marowaci ne, in na bayar abin da zan tura gida ya ragu, kuma mu a gidanmu ba mu taso mun ga ana yin wannan ba. Ya zan yi?

Ɗanki daga Librebil

Amsa

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka ɗauke wa mahaifiyarka nauyin rago. Amma bari in faɗa maka gaskiya, sallar nan ku kuka ɓata ta da kanku. Ku da kuke iya haɗa jaka goma-goma saboda gato, a ce ranar sallah kowa ya shige ɗakinsa ya rungumi waya? Haba. A gida ai ba ka taɓa shirya sallah ba, tashi kake ka tarar an gama komai, shinkafa ta dahu, an guga kaya, yara na shigowa barka da sallah, shi ya sa kake ganin kamar da kanta take zuwa. Mata ne ke tashi tun asuba suna yinta. To a can babu Inna babu Goggo, in ba ku kuka tashi ba babu mai yi muku.

Kuma kai naka da sauƙi. Gabon tana ba da hutu a sallolin nan biyu, ga masallatai a cikin Librebil har da babban masallacin Hassan II, kuɗinku da namu sefa ɗaya ce ba sai ka yi canji ba. Wanda ke Faransa ranar idi ranar aiki ce kamar kowace, sai ya roƙi hutu, yanka ma doka ba ta yarda a yi shi a gida ba sai a mayankar da hukuma ta amince da ita.

Tsakanin ƙaramar sallah da babba wata biyu ne da kwana goma, ya ishe ku adashi. Ana gama shan ruwa ku fara zubi duk Juma'a, ko jaka ɗaya-ɗaya ce, ku ba mutum ɗaya mai amana ya riƙe kuma a rubuta a takarda don kuɗi ba ya son wai-wai. Na san dabba tana tsada a can tunda daga wajajenmu ake kai musu, to ba dole sai kun yi yanka ba. Ragon da ka tura gida, in ka yi niyya ka wakilta wanda zai yanka, layyarka ce. Abin da za ku saya tare kuwa nama ne na ci kawai, kada ku haɗa kuɗi ku sayi rago ɗaya ku ce layya ce, rago ba a tarayya a kuɗinsa, a mazhabar Malikiyya ma ko sa ne ba a yarda da haɗa kuɗi ba, ka ƙara tuntuɓar limaminku. Ku sayi naman, a yi tsire, a dafa shinkafa da miya mai yaji, a jiƙa zoborodo, a ɗora shayi. Motoci kullum suna bin Yaounde zuwa Ambam su tsallaka iyaka, ka sa a aiko muku da kilishin Gaundere tun da sauran sati guda. Sannan kowa ya sa babbar rigarsa ko da a tsakar gidan haya za ku zauna, ku bi ɗakunan dattawan Hausawa da ke unguwar ku gaishe su, akwai waɗanda suka yi shekaru a can su ma kewar ce ke cinsu ba sa faɗa ne kawai. Zumunta a ƙafa take ai. Ɗan Bamendan nan ku kira shi ya ci nama, in Kirsimeti ta zo ku je ku yi masa barka, a Garwa ma haka muka taso, kwano na shiga kwano na fita.

Maganar anibaser kuma, ni ba malama ba ce, malamai sun rabu a kai, wasu sun hana wasu sun ce al'ada ce in babu saɓo a ciki, abin da ya tabbata dai shi ne Annabi (SAW) yana azumin Litinin kuma ya ce ranar aka haife shi. In zuciyarka ba ta kwanta ba ka bari, ba bashi ba ne. Amma ni a wasiƙarka kuɗin na ga ya fi damunka. Yi lissafi mana, jaka goma sau 12 jaka 120 kenan a shekara, a kan gato. Ka same su ranar da babu bikin kowa a kusa don kada wani ya ga da shi kake, ka ce ni ƙarfina jaka biyu ne, ina da masu jirana a gida. Wallahi za ka ga biyu ko uku sun sauke ajiyar zuciya, dama kunya ce ta hana su magana. A haɗa duk waɗanda aka haifa cikin wata uku a yi musu rana ɗaya a gida. Wanda ya ce maka marowaci bayan haka ka bar shi, ba shi zai biya maka kuɗin takardar zama ba.

Tambaya

Goggo barka da aiki. Ni 'yar Njamena ce ina kitso da lalle a wani shago a Dubai. Mu sallah ita ce lokacin da aiki ya fi yawa, har dare muna tsaye. Ƙawayena suna yin bikin ranar haihuwa su ɗora hotuna, nima sun matsa sai an yi mini, alhali 1 ga Janairu da ke takardata ma ba ita ce ainihin ranar ba. Tsorona 'yan gida su ga hoto su ce na yi kuɗi.

'Yarki daga Dubai

Amsa

'Yata kin ba ni dariya, mu 'yan 1 ga Janairu ai muna da yawa daga Chadi har Kamaru, duk wanda ba a yi masa takardar haihuwa da wuri ba ranar ake liƙa masa. Tsoronki kuwa yana kan hanya, hoto ɗaya da balan-balan a gaban dogon bene zai jawo miki kiran waya goma, wannan kuɗin makaranta wancan kuɗin asibiti. In kina so a yi, a yi a ɗaki, ki ce kada a ɗora ki, ko ki rufe hotunan yadda sai wanda kika zaɓa zai gani, WhatsApp yana da wurin yin haka.

Sallah kuma ku ɗaga taku zuwa ranar hutunku ta farko bayan idi, ku yi wainar nan ta Chadi da ake kira kisar da miyar kuɓewa da karkanji, wato zoborodo, ku ci tare. Dubai tana gaban Njamena da awa uku, in kin samu sararin cin abincin rana da ƙarfe ɗaya, a gida ƙarfe goma ne an sauko daga idi kowa yana tsakar gida, lokacin za ki kira Mama ta bidiyo.